Minti Ɗaya na Shiru

Ni ne wanda ba a gani a fim ɗin
sai sau ɗaya: inuwata a jikin bango,
hannuwa sama kamar wanda aka ritsa,
riƙe da sandar kamun kifi, makirfo ɗaure a bakinta.

Nermin ta sayar da awarwaron mahaifiyarta,
uku cikin biyar.
Ta ce sauran biyun na ranar tsiya ne.
Ranar tsiya ta zo ran Laraba.

Mu bakwai muka hau tudun shayi a bayan Rize
da kyamarar aro da batir biyu,
ɗaya ba ya jimirin sanyi,
sai Tayfun ya cusa shi a hammata
yana yawo da shi kamar kaza a kan ƙwai.
Hasken fuska kuwa, murfin tukunya muka goge da toka.

Hikmet mai aski shi ne uban da ya ƙi sayar da gona.
Bai taɓa wasa ba, amma shekara talatin
yana kallon fuskokin maza a madubi,
ya san inda girman kai ke kwana a haɓa.
Kwana tara yana tafiya daidai,
a na goma ya iso da leɓe fayau,
wai gashin bakin yana shiga masa miya.
Nermin ta zauna a kan akwati, ba ta ce uffan ba.
Akuyar maƙwabta ce ta biya bashin,
da almakashi, da ƙaro, da addu'ar kada ya yi atishawa.

Inna Sabriye, mai tsinkar ganye tun tana ƙarama,
aka miƙa mata takarda, ta riƙe ta a kife.
Da aka karanta mata, ta yi tsaki:
"Wace uwa ce ke magana haka?
In ɗana zai tafi birni, ba na wa'azi,
cuku nake ƙunsa masa, in juya baya."
Aka soke shafi biyu.
Bayanta muka ɗauka, da ƙullin a hannun yaron,
kuma nan ne mutane ke neman hankici.

Ƙarshen labarin rana yake so.
Sama ta yi kunnen uwar shegu, kwana goma sha ɗaya ruwa.
Muka ci burodin masara har ya ishe mu,
mai motar haya ya zo ya tafi da motarsa.
Nermin ta tsaya bakin ƙofa, ta tara hannu, ya cika,
ta ce, "To, a jiƙe za su rabu."
Abin da ruwan zafi ya ƙi dafawa
ashe na sanyi ya dafa.

A sito muka nuna shi, a jikin zanen gado,
da ƙamshin busasshen ganye da kujeru arba'in.
Yara suka gane akuyar kafin su gane Hikmet.
Inna Sabriye ta yi barci a tsakiya,
ta farka ta ce an yanke wurin da ta fi kyau.

Ba mu ci riba ba. Awarwaro bai dawo ba.
Amma akwai abin da na ajiye wa kaina:
kafin a tashi a ranar ƙarshe
na roƙi kowa ya tsaya cik, in ɗauki shirun ɗakin,
don a riƙa cike gurbi tsakanin magana da magana.

Minti ɗaya ne.
In na sa a kunne da dare,
ga ruwa a kan kwano,
ga cokali ya taɓa kofin shayi, an yi maza an riƙe shi,
ga numfashin tsohuwa mai ɗan fito-fito,
ga cikin Tayfun yana ƙugi,
ga mutum bakwai suna danne dariya,
kowa bai bar kowa ba tukuna.